Yadda Aka Koya wa Kwamfuta Yin Shiru: Tarihin Fanka da Majanyin Zafi

Duk wutar lantarkin da ta shiga cikin kwamfuta, zafi take zama a ƙarshe. Ko lissafi aka yi da ita, ko hoto aka zana, ko wasiƙa aka rubuta, abin da ke saura shi ne zafi, kuma tilas a fitar da shi daga cikin akwatin, in ba haka ba kayan ciki su gasu. Hanyar da ta fi arha ita ce a koro iska ta ratsa ta kansu. Iska kuwa, in aka matsa mata ta bi ta ƙunci da sauri, sai ta yi kuka. Wannan ne asalin gunjin da ya daɗe yana cika ofisoshi da ɗakunan karatu.

An shafe shekaru masu yawa ana ɗaukar wannan gunji a matsayin abin da ba makawa. Tarihin yadda aka rage shi tarihi ne na injiniyoyi da kamfanoni, amma kuma na talakawan masu amfani da kwamfuta ne, waɗanda suka dage cewa kunnen mutumin da ke zaune kusa da na'ura yana da haƙƙi, kuma dole a sa shi cikin lissafi tun daga ranar da aka fara zana ta.

Zamanin da ƙara ba ta dami kowa ba

Kwamfutocin farko ba a kan tebur suke ba, ɗaki guda suke cikawa. ENIAC, wadda aka nuna wa duniya a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka a watan Fabrairun 1946, tana da kwalaben lantarki kusan 18,000, irin waɗanda ke cikin rediyon dā, kuma tana cin wuta kilowat 150. Manyan injinan hura iska ne ke kwashe zafinta. Ba wanda ya tsaya tambayar ko suna da ƙara, domin ɗakin na na'ura ne, mutum baƙo ne a cikinsa.

Ko bayan da tiransisto, wanda aka ƙirƙira a 1947, ya maye gurbin kwalaben, zafi bai tafi ba, domin an riƙa cusa kaya da yawa a wuri kaɗan. Kamfanin IBM ya shigar da ruwa cikin manyan kwamfutocinsa. Seymour Cray, wanda ya shahara da ƙera kwamfutocin da suka fi kowanne gudu a zamaninsa, ya sanyaya Cray-1 ta 1976 da irin iskar gas ɗin firiji. A Cray-2 ta 1985 kuwa, tsoma allunan lantarkin ya yi gaba ɗaya cikin wani ruwa mai suna Fluorinert, wanda wuta ba ta bi ta cikinsa.

A wannan zamani ne aka haifi ƙaramar fanka mai kusurwa huɗu da muka sani yau. Kamfanin Rotron na jihar New York ya fito da wadda ya kira Muffin, wadda ake ɗaure ta da kusoshi huɗu a jikin kowace na'ura. A Jamus kuma, Hermann Papst ya shahara da injin da ɓangarensa na waje ne ke juyawa, na ciki na tsaye, ta yadda za a dasa fukafukan a jikin injin kai tsaye. Har yau a kan wannan tsari ake ƙera fankokin kwamfuta. Abin da ake nema a wurin fanka a lokacin abu biyu ne: ta tura iska, kuma kada ta mutu.

Da kwamfuta ta shigo ɗaki

Al'amarin ya sauya a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da kwamfuta ta hau tebur ta zauna kusa da fuskar mutum. Steve Jobs na kamfanin Apple yana cikin na farko da suka ƙi jinin fanka. Domin a guje mata a Apple II ta 1977, injiniya Rod Holt ya ƙera gidan wuta na wani salo, wanda ke kunna wuta yana kashewa sau dubbai a sakan guda maimakon ya ƙona rarar ta zama zafi. Dabarar ta yi aiki, kuma ita ce darasi na farko mai kyau a wannan tarihi: in ka rage zafin daga tushe, ba ka da abin korewa da yawa.

Darasi na biyu mai ɗaci ne. Apple III ta fito a 1980 ba fanka, an dogara da gangar jikinta ta alminiyam ta kwashe zafin. Na'urar ta yi ta ba da matsala. Ƙananan kayan lantarkin da ke kan allonta suna kwancewa daga mazauninsu, har aka riƙa ba masu ita shawarar su ɗaga ta sama kaɗan su sake ta ta faɗo kan tebur, ko kayan sa koma wurinsu. Kamfanin ya karɓi kimanin guda 14,000 ya sauya su, amma sunanta ya riga ya ɓaci, aka daina yin ta a 1984. A wannan shekarar Macintosh ta fito, ita ma ba fanka, sai wasu kamfanoni suka samu kasuwar sayar da fankar da ake ɗora mata daga waje. A 1987 Apple ya sa fanka a cikin Macintosh SE. Zafi ba ya jin umarni. Wanda ya cire fanka bai rage zafin ba, ya ɗage ranar biyan bashi ne kawai.

IBM bai shiga wannan gardama ba. Kwamfutarsa ta 1981 tana da fanka ɗaya a cikin gidan wuta, firosesarta kuwa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin lissafin, ba ta cin wutar da ta kai wat 2, tsirara take zaune a kan allo ba abin da aka ɗora mata. Haka aka tafi kusan shekara goma.

Tseren gudu da shekarun gunji

Daga farkon shekarun 1990 firosesa ta fara neman taimako. Masu saurin cikin jerin 486 na Intel sun buƙaci majanyin zafi: wani ƙarfe ne na alminiyam mai haƙarƙari jere, da ake ɗorawa a kan firosesa domin ya kwashi zafinta ya baza shi a fili mai faɗi inda iska za ta ɗauke. Pentium ta 1993 tana fitar da kimanin wat 15, daga nan kuma ƙaramar fanka ta hau kan ƙarfen ta zauna.

Tun 1974 Robert Dennard na IBM da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka ƙanƙanta tiransisto aka kuma rage ƙarfin wutar da ake ba shi, zafin da ke fita daga kowane ɗan fili ba zai ƙaru ba. Amma Intel da AMD sun shiga tsere, kowa yana son lambar gudunsa ta fi ta ɗan'uwansa a jikin kwali, suna ƙara gudu da yawan tiransisto fiye da yadda ƙanƙantawar ke iya ramawa. A 2001 Athlon ta AMD mai gudun gigahaz 1.4 tana fitar da sama da wat 70 daga wani ɗan fili da bai fi farcen babban yatsa ba. A 2004 Pentium 4 samfurin Prescott ta kai wat 115.

Amsar da kasuwa ta bayar ita ce a ƙara wa fanka gudu. Wata fankar kamfanin Delta mai faɗin milimita 60 tana juyi kusan 7,000 a minti ɗaya, masu son matse gudu daga firosesa suna sayen ta duk da ihun da take yi. Vantec Tornado mai milimita 80 tana wuce desibel 50. Domin a gane girman abin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 1999 cewa ƙarar cikin ɗakin barci da dare kada ta wuce desibel 30, ta cikin aji kuma 35. A 2003 Nvidia ya fito da katin hoto GeForce FX 5800 Ultra, wanda fankarsa ta yi ƙarar da ta sa mutane suka laƙaba masa sunan injin zuƙe ƙura. Apple da kansa, wanda ya yi G4 Cube mara fanka a 2000, ya fitar da wata Power Mac G4 a 2002 da ta cika wa masu ita kunne, har sai da ya ba su damar sauya gidan wuta da fanka.

Manyan masana'antar sun ga inda aka dosa. A wani taron injiniyoyi a San Francisco a 2001, Pat Gelsinger na Intel ya yi gargaɗin cewa in aka ci gaba a haka, zafin da ke fita daga kowane ɗan fili na firosesa zai kamo na tukunyar nukiliya, daga nan ya kamo na bakin roka. A watan Mayun 2004 Intel ya soke Tejas, wadda aka shirya za ta gaji Prescott, sannan ya janye alkawarin Pentium 4 mai gigahaz 4. Tseren ya ƙare ne a gaban bangon zafi.

Masu kunne sun tashi

Kafin manyan kamfanoni su juyo, akwai mutanen da suka riga su gajiya. Cikinsu akwai masu ɗaukar sauti a situdiyo, waɗanda makirfo ke kwaso musu kukan fanka tare da muryar mawaƙi. Akwai masu son ajiye kwamfuta a falo su kalli fim, da marubuta da ɗalibai masu aikin dare. Waɗannan ne suka fara buɗe akwatin suna bin ƙarar har tushenta, kuma abin da suka koya shi ne ginshiƙin duk ci gaban da ya biyo baya.

Sun gano cewa ƙarar fanka kala-kala ce. Akwai shuuu na iska da ke hargitsewa a bakin fukafukai da jikin raga. Akwai zuuu mai sauti ɗaya, wanda ke fitowa duk lokacin da fiffike ya gifta ta gaban sandunan da ke riƙe da injin: fanka mai fukafukai 7 da ke juyi 3,000 a minti tana bugun iska sau 350 a sakan, kuma kunne yana tsintar irin wannan sauti ko cikin hayaniya. Akwai kukan boris, akwai ƙas-ƙas na injin, akwai kuma girgizar da ke bi ta kusoshi ta shiga gangar akwatin, sai kwanon ya amsa ya ƙara mata ƙarfi.

Babban abin da suka riƙe shi ne wata ƙa'ida da injiniyoyin fanka suka daɗe da sani. In aka rage gudun fanka da rabi, iskar da take turawa ta ragu da rabi, amma ƙararta tana faɗuwa da kimanin desibel 15. Kunnen ɗan'adam kuwa yana jin ragin desibel 10 kamar an raba ƙara biyu. Ke nan ribar da kunne ke samu ta fi hasarar iskar nesa ba kusa ba. Yadda za a mayar da iskar da aka rasa shi ne a faɗaɗa fankar. Mai milimita 120 tana da fili ninki huɗu na mai milimita 60, saboda haka tana iya tura iska mai yawa tana tafiya a hankali, kamar yadda babban mafici ke sanyaya mutum da kaɗawa ɗaya-ɗaya inda ƙarami sai an yi ta fizga. Kuma fanka biyu masu tafiya a hankali desibel 3 kacal suke ƙarawa a kan ta ɗaya.

Da wannan sani suka shiga aiki da hannu. Gidan wutar kwamfuta yana ba da bolt 12 a waya ɗaya, bolt 5 a wata. In aka haɗa fanka tsakanin su biyun sai ta samu bolt 7, ta lafa. Suka riƙa yanke ragar kwanon da ke tare iska, suna maye kusoshin ƙarfe da na roba, suna rataye faifan ajiya a kan igiyar roba domin kada girgizarsa ta taɓa akwatin. Suka nemo fankokin Panaflo na kamfanin Panasonic da na Papst, waɗanda aka yi don masana'antu. A 2002 Mike Chin, mazaunin Vancouver a Kanada, ya kafa shafin Silent PC Review, inda ya riƙa gwada kaya da ma'auni da kuma kunne, yana bayyana inda lambar da ke jikin kwali ta saɓa wa gaskiya. Daga baya ya gina ɗakin gwaji na musamman mai shanye amsa-kuwwa, kuma kamfanin Antec ya yi shawara da shi wajen zana akwatin P180 na 2005, mai bango hawa-hawa da ɗaki dabam na gidan wuta.

Cikin kamfanonin farko da suka mai da shiru hajarsu akwai Zalman na Koriya ta Kudu, wanda aka kafa a 1999. Majanyin zafinsa siraran faranta ne da aka matse gindinsu wuri guda suka buɗe sama kamar fure, ga babbar fanka a kai, ga kuma ɗan maɓallin da mai kwamfuta zai murɗa ya rage mata gudu. Cinikin da Zalman ya yi ya tabbatar wa sauran cewa akwai masu biyan kuɗi domin kunnensu ya huta.

Bututun da ya sauya komai

Babbar fanka tana buƙatar babban majanyi, a nan kuma aka ci karo da iyakar ƙarfe. Jan ƙarfe yana kai zafi fiye da alminiyam, kusan 400 ne a ma'aunin da alminiyam ke da kimanin 235, amma yana da nauyi da tsada. Ko shi ma, in haƙarƙarin ya yi tsawo, bakinsa yana zama da sanyi alhali gindin na ci da wuta, sai rabin ƙarfen ya zama kaya kawai. Ana buƙatar abin da zai ɗauki zafi daga ɗan filin firosesa ya kai shi nesa nan take.

Maganin ya daɗe a ajiye. Richard Gaugler na General Motors ya yi rajistar dabarar a 1944, ba a yi amfani da ita ba. A 1963 George Grover na cibiyar bincike ta Los Alamos ya sake gano ta da kansa, ya gwada ta, daga nan hukumar NASA ta ɗauke ta domin daidaita zafin taurarin ɗan'adam. Bututu ne na jan ƙarfe da aka zuƙe iskar cikinsa, aka ɗiga ruwa kaɗan, aka toshe. Da yake babu iska a ciki, ruwan yana tafasa tun zafi bai yi nisa ba. A gefen da ke taɓa firosesa ruwan ya zama tururi ya kwashi zafi, tururin ya ruga zuwa gefen da ke da sanyi, ya koma ruwa ya sauke zafin a jikin haƙarƙari. Sai wani lagwani na garin jan ƙarfe da ke manne a bangon ciki ya tsotso ruwan ya mayar da shi mafari. Ba inji, ba abin da ke juyawa, ba sauti.

Kwamfutocin tafi-da-gidanka ne suka fara amfani da shi a shekarun 1990, saboda ƙuncin wuri. Da ya shigo na tebur a farkon shekarun 2000, sai siffar majanyi ta sauya gaba ɗaya. Aka samu hasumiya: bututai suna tashi daga kan firosesa, sun ratsa siraran faranta masu yawa, fanka mai milimita 120 tana hura iska ta gefe zuwa bayan akwati. Scythe na Japan ya fito da Ninja a 2005, wanda aka buɗa tazarar farantansa domin iska mai rauni ma ta iya ratsawa. Wannan tazara muhimmiya ce: faranta masu matsatsi suna da fili da yawa, amma sai fanka mai ƙarfi ta iya cusa iska cikinsu. Majanyin da aka yi don shiru dole ya bar wa iska hanya. Jerin Hyper 212 na Cooler Master ya saukar da farashin hasumiya har ta shiga hannun kowa.

Rage zafi daga tushe

Duk wannan da bai isa ba in da firosesa ta ci gaba da ƙuna. Wutar da take ci tana tafiya ne da gudunta da kuma ƙarfin bolt da aka ninka da kansa, wato in aka rage bolt da kashi 20 cikin ɗari, wutar aikin tana raguwa da kashi 36. Injiniyoyin Intel da ke Haifa a Isra'ila sun bi wannan hanya suka ƙera Pentium M a 2003 domin kwamfutar hannu, mai yin aiki da yawa a gudu kaɗan. Daga zuriyarta aka samu Core 2 Duo ta 2006, wadda ta fi Pentium 4 aiki da wat 65 kawai. AMD ya sa tsarin Cool'n'Quiet a Athlon 64, wanda ke sauke gudu da bolt duk lokacin da kwamfuta ba ta da aiki mai nauyi. Maimakon ƙwaƙwalwa ɗaya mai tsananin gudu, aka koma haɗa biyu, huɗu, takwas a wuri ɗaya.

Fanka ma ta samu hankali. A wajajen 2004 Intel ya fito da tsarin fanka mai waya huɗu, inda waya ta huɗun ke kai saƙon da ke faɗa mata yawan gudun da ake so gwargwadon zafin da aka auna. An sa saƙon ya riƙa bugawa sau 25,000 a sakan, sama da abin da kunnen mutum ke ji, domin kada shi kansa ya zama ƙara. Power Mac G5 ta 2003 ta nuna amfanin wannan tunani: fankoki har tara a cikinta, an raba akwatin shiyya huɗu, kowace fanka tana tafiya a hankali sai shiyyarta ta yi zafi.

A 2004 aka soma shirin 80 Plus na tantance gidan wuta. Wanda ke ba da wat 200 da ingancin kashi 70 yana zubar da kimanin wat 86 a matsayin zafi. Mai ingancin kashi 90 wat 22 kawai yake zubarwa, har fankarsa ta iya tsayawa cak. Faifan ajiya ya lafa tun da Seagate ya fito da Barracuda ATA IV a 2001, wanda sandarsa ke yawo a kan mai maimakon ƙwallayen boris, sannan ma'ajiyar SSD, wadda ba abin da ke motsi a cikinta, ta zo ta rufe wannan babi. Daga 2014 katunan hoto da yawa suka fara kashe fankarsu in ba a wasa ko aiki mai nauyi.

Aikin fiffike

Da aka kashe manyan hanyoyin ƙara, sai aka koma kan ƙanana, aikin ya zama na haƙuri. Noctua, wanda kamfanin Rascom na Ostiriya da Kolink na Taiwan suka kafa a 2005, ya yi suna a nan. Tambarinsa mujiya ce, tsuntsuwar da masana suka daɗe suna nazarin fukafukanta saboda tana tashi ba a ji. A fankarsa NF-P12 ya yanka ƙananan tsaga a bayan kowane fiffike, ba a wuri ɗaya ba, domin a warwatsa sautin kada ya taru a murya guda. NH-D14 na 2009, mai hasumiya biyu da bututu shida da nauyin sama da kilo ɗaya, ya nuna cewa iska tana iya gogayya da ruwa, a daidai shekarar da Corsair H50, ƙirar Asetek na Denmark, ya kawo sanyaya da ruwa cikin rufaffen kunshi ga kowa. Ruwa yana kai zafi nesa, amma yana zuwa da famfo mai nasa sautin, kuma a ƙarshe fanka ce ke hura lagiretonsa.

A 2018 Noctua ya fito da NF-A12x25 bayan sama da shekara huɗu yana aiki a kanta. Tazarar da ke tsakanin bakin fiffike da bango rabin milimita ce kacal, domin ta wannan kafa ce iska ke zillewa ta koma baya tana hargitsi. Robar da aka saba amfani da ita tana miƙewa a hankali cikin shekaru saboda juyi, har fiffiken ya taɓa bango, shi ya sa sai da suka nemo wata roba mai tauri ta musamman. Apple ma ya bi ta wata hanya a MacBook Pro ta 2012: ya sa tazarar fukafukan ta bambanta da juna, sai sautin ya bazu ya daina zama zuuu guda mai huda kunne. A watan Nuwamban 2020 MacBook Air mai firosesar M1 ta fito ba fanka ko ɗaya, ta kuma yi aiki lafiya, shekara 40 bayan Apple III. Burin bai sauya ba. Abin da ya sauya shi ne an rage zafin har ya kai yadda gangar alminiyam za ta iya ɗauka.

A ƙasar zafi da ƙura

Akasarin waɗannan na'urori an gwada su ne a ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 20 da 'yan kai ba. Majanyin zafi kuwa yana aiki ne da bambancin da ke tsakanin zafin ƙarfe da na iskar ɗaki. In ana so firosesa ta tsaya a digiri 80, a ɗaki mai digiri 22 akwai tazarar 58. A Sakkwato ko Yamai ko Maiduguri cikin bazara, inda ɗaki ke iya kai wa 40, tazarar ta koma 40, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, kuma fanka ce za ta biya da gudu. Sannan ga ƙurar hunturu, wadda ke taruwa a bakin haƙarƙari ta zama kamar auduga ta toshe hanya.

Shi ya sa kwamfutar hannu da aka sayo ta hannu, wadda ta riga ta yi shekaru a wata ƙasa, take ihu a nan. Sau da yawa fankar lafiyarta lau. Man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfe, wanda ke cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, shi ne ya bushe, ga ƙura ta toshe mafita. Mai gyaran da ya buɗe ta ya share, ya goge tsohon man ya shafa sabo, yakan dawo da shirun da aka ƙera ta da shi. Ɗora ta a kan katifa ko darduma kuwa toshe mata hanci ne.

Inda ƙarar ta koma

Teburinmu ya yi shiru, wayar da ke aljihunmu ba ta da fanka, amma wani ɓangare na dalilin shi ne an kwashe aiki mai nauyi an kai shi cibiyoyin ajiye bayanai. A can, kwamfutoci sirara ne jere a kan kanta, ba wurin babbar fanka, sai ƙanana masu milimita 40 da ke iya wuce juyi 20,000 a minti, har ma'aikata na toshe kunne kafin su shiga. Firosesa ɗaya ta Nvidia H100, irin wadda ake horar da ƙirƙirarriyar basira da ita, tana cin wat 700, kuma dubbai ake haɗawa. Masana'antar ta fara komawa ga ruwa da tsoma alluna cikin ruwa na musamman, hanyar da IBM da Cray suka bi tun tuni.

Zafin da aka kwaso daga ciki dole ya fita waje, ta manyan injinan sanyi da ke kan rufi. A garin Chandler na jihar Arizona da wasu unguwanni na arewacin Virginia, mazauna sun yi ta kai ƙara kan gunjin da ba ya tsayawa dare da rana, har hukumar Chandler ta kafa dokar da ta shafi ƙarar irin waɗannan gine-gine. Ana kuma ci gaba da gina su a Afirka, ciki har da Legas.

Ilimin da ake buƙata ba sabo ba ne, an riga an biya kuɗinsa a kan tebur: a rage zafi daga tushe, a baza shi a fili mai faɗi, a tura iska mai yawa a hankali, a auna ƙara da gaskiya a inda mutum yake. Masu kwamfuta sun samu shiru ne domin su ne masu saye, kuma sun ƙi sayen abin da ke damunsu. Maƙwabcin cibiyar bayanai ba shi ne mai saye ba, ba shi da wannan makami. Abin da zai tsaya masa shi ne doka da hukumar da ke ba da izinin gini, kuma lokacin da ya dace a tambayi yawan desibel ɗin da za su isa tagarsa shi ne kafin a sa harsashi.